Zawon Dokin Malam Kailani

Duk Tudun Wada an san Malam Kailani tela da abu biyu: ba ya cika alkawarin ɗinki, kuma ba ya saɓa wa dokinsa lokacin abinci. Dokin tsohon kili ne, sunansa Ɗan Gata, gadonsa ya yi a wurin mahaifinsa. Ba hawansa yake yi ba, sirdin ma ɓeraye sun gama da shi. Yana dai nan a turke bayan zaure. Kullum da safe Malam zai share masa wuri, ya zuba masa harawa da dusa, ya tsaya yana kai masa ƙarar masu ɗinki. Tun da matarsa ta rasu, hirar ta ƙara tsawo.

Sanyin bana na kankama sai cikin Ɗan Gata ya ɓaci. Zawo ba na wasa ba, har bangon zaure ya canza launi. Abin da ya fi ƙona wa Malam rai shi ne dokin ya daina kula harawa, ya koma cin kashinsa, da rana tsaka, mutane na wucewa. Dokin da a da ko ruwa ne ya kwana sai ya kau da kai! Malam ya ji kunya kamar ɗansa aka kama da sata a kasuwa.

Nan da nan kowa a layin ya zama likita. Wani ya ce sanyi ne ya shige shi, Malam ya zauna ya harhaɗa ragowar yadi ya ɗinka masa riga, har wani mai ɗinki ya gane shaddarsa a gadon bayan doki aka yi ta ba shi haƙuri. Daga ƙarshe aka ɗauko likitan dabbobi a kan babur. Ya duba haƙora, ya tattaɓa ciki, ya ce kanwa ce ta yi masa yawa. Malam ya rantse rabonsa da ba dokin kanwa tun damina. Likita ya dube shi irin duban da ake yi wa tela idan ya ce gobe, ya hau babur ya tafi.

A lokacin kuwa gidan da baƙi. Fiddausi, 'yar Malam tilo, ta dawo gida wankan jego na haihuwar fari, yayarsa Gwaggo Ishatu kuma ta taso daga Gyallesu don ta yi mata wankan. Gwaggo ce ta goyi Malam yana jinjiri, kuma har yau ba ta yarda ya girma ba.

"Kailani," in ji ta, ta toshe hanci da gefen mayafi, "gidan da ke da jinjiri ba a ajiye masai mai ƙafa huɗu. Zuwa Juma'a, ko dillali ya zo ya kwance abin nan, ko in kwashi mai jego da ɗanta mu koma Gyallesu. Ka zaɓa."

"Yaya, dokin Baba ne fa."

"Da Baba na raye ya ga abin da yake ci, da kansa zai kira dillalin."

Hankalin Malam ya tashi ƙwarai. Ya san inda dillalai ke kai tsohon doki, ba kiwo ake kai shi ba. Ya kuma san cewa tun rasuwar matarsa gidan bai yi masa daɗi ba sai yanzu da ake jin kukan jinjiri a ciki. Ko wanne ya tuna zai rasa, sai abinci ya fita ransa.

Ranar Laraba ya dawo sallar asuba bai tsaya gaisawar ƙofar masallaci ba, ya zauna a zaure ya ƙudundune. Can gari ya fara wayewa sai ya ji motsi. Ya leƙa, ga Fiddausi tana sanɗa, riƙe da ƙaton kwano yana tururi. Ɗan Gata ya miƙo wuya yana gurnani a hankali, da gani ba yau suka fara ba. Ta juye kwanon kaf a daron dusa. Kunun kanwa ne, wanda Gwaggo ke dama mata kowace safiya.

"Fiddausi."

Ta firgita, kwanon ya kusa suɓuce mata. "Baba, wallahi ba na iya sha. Warinsa kawai amai yake sa ni. Ita kuma Gwaggo kullum ta ga kwano wayam sai ta ce yana karɓata, ta ƙara kanwa. Jiya ma kwanon ta canza, ta kawo babba. Ban san shi ke sa masa ciwon ba sai da likita ya faɗa, na rasa yadda zan yi."

Malam ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga yadda ta rame a wuya, ido duk ya faɗa saboda rashin barci, kuma ba uwar da za ta shiga tsakaninta da Gwaggo. In ya tona, Gwaggo za ta tsaya a kanta da muciya har ta lashe kwanon, kullum, har a yi arba'in. A zubar a kwata kuwa, Gwaggo ce ke sharar gidan, kuma ƙwayar gero ɗaya ba ta ɓace mata. Tausayin yarinyar ya kama shi har ya ji idonsa na yaji.

"Daga gobe ni za ki riƙa kawo wa," ya ce. "Zan aiko miki da shayi da burodi."

Kafin Juma'a cikin Ɗan Gata ya fara tsayawa, ya koma kan harawarsa yana taunawa da isa, kashin ko kallo bai ishe shi ba. Gwaggo ta ce ai dabba ma tana jin magana in ta samu mai faɗa mata, ta janye batun dillali.

Malam kuwa ya koma bin sahun ƙarshe a masallaci, kusa da ƙofa. A shago sai ya bar hannun riga a bakin keken ɗinki ya zari buta. Gwaggo ta dube shi ta girgiza kai, ta ce ga amfanin hira da doki nan, har ciwonsa ya ɗauka.

Wata safiya Fiddausi ta kawo masa kwanon a zaure, ta tsaya tana kallon yadda rigarsa ta yi masa yawa. Dariya na cinta, hawaye kuma na zubo mata.

"Baba, bari kawai in gaya mata."

"Koma ciki, yaro na kuka," in ji shi.

Ya jawo buta kusa da ƙafarsa, ya juya wa dokin baya don kada ya sa rai da kunun, ya yi bisimilla ya kafa kai.