Wasiƙar da Royce Ya Manta Ya Rubuta

Duk wanda bai taɓa wanke kashin zakin teku a bayan jirginsa da sassafe ba, kada ya zo ya ce mini dabbar nan abar sha'awa ce. Ƙato ɗaya ya fi maza huɗu nauyi. Su biyar su shida za su haye maka jirgi, su lanƙwasa ƙarfen gefe, su yi ta gurnani, kuma doka ta ce ko tsinke ba za ka soka musu ba. A tasharmu ta Port Alder sun taɓa nutsar da jirgi sukutum, da nauyinsu kawai.

Babana Eino Salmi ne ya yi maganinsu. Shekara arba'in yana kamun ƙaguwa, mutum ne da idan ya yi magana goma a yini to ranar ya yi surutu. Ya samo tabarmar roba, ya jera mata wayoyin tagulla bibbiyu, ya haɗa da batir da akwatin lantarki na shingen shanu da ya rage wa ƙarfi. Tana yin ƙas, ƙas, sau ɗaya duk daƙiƙa. Zaki ya ɗora jiƙaƙƙen hannunsa, wuta ta ɗan tsikare shi, ya koma ruwa yana zage-zage da yarensu. A kansa Baba ya fara gwadawa, ba takalmi. Ina tsaye ya daka tsalle, ya ce, "Ta yi yawa," ya koma ya rage.

To zakunan da suka bar jirginmu ai ba gida suka tafi ba. Jirgin da ke kusa suka koma, na Royce Haugen.

Kawu Royce nake ce masa tun ina yarinya, ko da yake ba jini ya haɗa mu ba. A teburinmu yake cin miyar kifi duk Lahadi. Baba ya ce zai haɗa masa tasa tabarmar kyauta. Sai mutumin nan ya ɗauki abin raini ne. Ya kai ƙara gaban kwamitin tasha cewa Eino yana azabtar da dabbobi da lantarki, ya zuga gari, 'yan birni suka zo da alluna suna ihu a kan gadar da ake ɗaure jirage. Kwamiti ya ƙwace wurin ɗaurin jirgin Baba, wurin da ya gada daga nasa uban. Baba ya sayar da jirgin a wannan kakar. Ya zauna a kujerar baranda yana kallon ruwa, shekara biyu, sannan ya rasu. Likita ya ce zuciya ce. Ni na san abin da ya kashe shi, kuma na san lambar gidansa.

Shekara goma sha huɗu ina ganin Royce kullum a tasha, don ni ma ƙaguwa nake kamawa. Ban taɓa gaishe shi ba.

Wata Talata na shiga shagon Dot shan kofi, na tarar an yi dafifi a teburin tsakiya. Royce ne da sabuwar hula, yana nuna wasu takardu. Zamani ya juya, hukuma ta yarda a kori zakuna da abin da ba zai ji musu ciwo ba, shi kuma ashe tuni ya shigar da buƙatar a ba shi takardar mallakar ƙirƙira. Na leƙa zanen. Tabarmar roba, wayoyi bibbiyu, batir, akwati. Har kusurwar da Baba ya yanke don ta zagaye ƙugiyar igiya tana nan. A sama an rubuta: wanda ya ƙirƙira, Royce Haugen.

Na ce, "Kawu Royce, ba ka jin kunyar Allah?"

Ya ce, "A'a, 'yar Eino, yau da baki? Na ɗauka zaki ya cinye miki harshe."

"Tabarmar ubana ce wannan."

"Ubanki ya yi wasa da waya, yarinya. Ni na yi ƙirƙira. Da bambanci."

Dot ta ce daga bayan kantar shagon, "Royce, kai da ƙwan fitila ma sai an sa maka?" Aka kwashe da dariya, amma ni ban yi ba.

Washegari na tuƙa awa biyu zuwa birni wajen wata lauya, Misis Whitcomb. Na zazzage mata komai, na ce ina da masunta talatin da za su ɗaga hannu su rantse. Ta bar ni na gama huci.

Ta ce, "Marlys, ki kawo ɗari ma, ba wanda zai saurare su. Wadda za ta yanke hukuncin nan mai tantancewa ce a wani ofis can ɗaya gefen ƙasar. Ba ta san ubanki ba, wataƙila ba ta taɓa jin warin zakin teku ba. Aikinta ɗaya ne: ta tono ko an riga an bayyana abin nan ga jama'a kafin Royce ya shigar da buƙatarsa. Kuma daga hannun bare irinki, bugaggiyar takarda kawai za ta karɓa, mai kwanan wata. Saura mako bakwai a rufe miki ƙofa."

Na ce, "In na samo fa?"

"Tasa ta mutu. Amma ki sani, abin ya zama na kowa ke nan. Ke ma ba za ki taɓa mallakarsa ba."

"Ni ba mallaka na zo nema ba. So nake in ga fuskarsa."

Mako uku ina birkice rumfar Baba. Kai, mutumin nan! A jikin guntun katako yake zane da fensir, in ya gama ya jefa a murhu. Ba littafi, ba hoto, ba ko rasit. Na zauna a ƙasa cikin tsofaffin igiyoyi na yi kuka, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina da nake jin haushinsa.

Ranar Asabar muka yi kiciɓis da Royce a kan gada, ina sauke kwanduna. Labari ya riga ya kai masa, garin namu ba ya riƙe magana.

Ya ce, "An ce kina neman takarda. Ki daina wahalar da kanki, 'yata. Eino sunansa ma da ƙyar yake rubutawa. Duk tashar nan ni kaɗai ne mai riƙe biro, tambayi kowa."

Ya wuce yana fito. Ni kuwa na tsaya da kwando a hannu kamar an dasa ni. Gaskiya ya faɗa. Shi ne mai biro. Duk abin da ya ɓata masa rai, daga ramin titi har wa'azin fasto, sai ya rubuta wa jaridar garinmu wasiƙa. Kuma lokacin rigimar nan ya rubuta. Ban taɓa karanta ta ba, don Baba ya cusa tamu jaridar a murhu tun kafin in gani.

Ko kayan aiki ban cire ba na faɗa laburare, ina warin kifi. Aka sauko mini da ɗaurin jaridun shekarar. Ga ta nan a shafi na huɗu, rabin shafi cur, da kwanan wata a sama. Mugunta ta sa mutumin nan bai bar komai ba. Don ya tabbatar wa kwamiti ba ƙage yake yi ba, ya shiga jirgin Baba a ɓoye da awo. Ya faɗi faɗin tabarmar, ya faɗi tazarar da ke tsakanin waya da waya, ya faɗi irin batirin. Ya ce ya tsaya da agogonsa ya ƙirga bugun. Har zane ya yi, mai kyau kuwa, da 'yan kibiyoyi. A ƙarshe ya rufe da wani layi da na karanta har sau uku.

Dariya ta ƙwace mini, har mai laburaren ta zo ta tambaya ko lafiya. Na ce mata shekara goma sha huɗu rabona da lafiya irin ta yau.

Misis Whitcomb ta cike fom, aka aika. Daga nan sai jira, kuma ni ba gwanar jira ba ce. Sunan mai tantancewar yana ƙasan takardun, Nirmala Pillai, da lambar waya. Wata na biyar na kasa daurewa na kira.

Na ce, "Sunana Marlys Salmi, ni ce 'yar mutumin da ya..."

Ta katse ni a hankali. "Misis Salmi, ba ni da izinin magana da ke a kan wannan fayil. Ko kalma ɗaya."

"To ki dai gaya mini kin gani."

"Ba zan iya ba. Abin da zan iya faɗa wa kowa shi ne, duk takardar da ta shigo bisa ƙa'ida ina karanta ta har ƙasa." Ta ajiye.

Na zage ta a raina, Allah ya yafe mini. Na ce ga wata 'yar ofis da ba ta san zafin kowa ba.

Fayil irin wannan a buɗe yake, kowa na iya dubawa a kwamfuta. Kullum kafin in fita teku sai na duba. A wata na takwas amsa ta fito, shafi goma sha tara. Ashe al'adarsu ce su kira tsohuwar takarda da sunan wanda ya rubuta ta, don haka wasiƙar jaridar ma Haugen suka kira ta. Sai ga shi layi bayan layi: buƙatar Haugen ta ɗaya an ƙi ta, domin Haugen ya riga ya bayyana. Ta biyu an ƙi, Haugen ya nuna a zane. Har buƙatu goma sha biyun da ya jera. Matar nan ta bi shi waya bayan waya, ba ta ɗaga murya ba, ba ta bar masa ko ƙusa ba.

Lauyansa ya yi ta maza. Ya rubuto cewa ta Royce daban ce, domin tana bugawa jefi-jefi don kada dabba ta wahala. Amsar Pillai layi uku ce. Ta ce a duba sakin layi na shida na wasiƙar, inda marubucin ya ce ya tsaya da agogonsa ya ƙirga, sau ɗaya duk daƙiƙa. An ƙi, ƙin ƙarshe. Kamfanin da ya yi masa alkawarin ƙera tabarmin ya janye a satin.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai daɗin bai cika ba. Shafi goma sha tara, Haugen, Haugen, Haugen, sunan Baba bai fito ko sau ɗaya ba. An hana ɓarawo, amma ba a kira mai kaya ba.

A tasharmu idan masunci ya rasu, iyalinsa kan sa benci a bakin gada da ɗan allon tagulla. Ban taɓa yi wa Baba ba, don na rantse sunansa ba zai zauna a tashar da ta kore shi ba. Wannan karon na je kwamiti na nema. Suka ce in zaɓi wuri. Na zaɓi kan matakalar da ke sauka zuwa jirgin Royce.

Ranar da aka kafa shi rabin tasha ta zo, Dot ta kawo kofi a babbar buta. Royce ya iso da jakar abincinsa, ba hula. Ya tsaya ya sa tabarau. A allon an zana layin nan na ƙarshen wasiƙarsa, ban ƙara ba ban rage ba:

"Kada kowa ya yi shakka, Eino Salmi ne ya ƙera wannan abu da hannunsa, shi kaɗai, ba wanda ya taya shi." A ƙasa: Royce Haugen, da kwanan watan jaridar.

Wuyansa ya yi ja. Ya ce, "Ki cire sunana daga nan."

Na ce, "Maganarka ce, Kawu. Kai ne mai biro."

"Zan kai ki kotu."

"Bismillah. Ka je ka gaya wa alƙali ƙarya ka rubuta, aka kori ubana a kan ƙarya. Ko ka ce gaskiya ka rubuta, ka rantse wa hukuma a kan ƙarya. Zaɓi ɗaya, ga mutane suna ji."

Ba wanda ya yi dariya, ko Dot. Royce ya raɓa ta gefen bencin ya sauka, yana riƙe ƙarfen matakala da hannu biyu, sai a lokacin na lura ya tsufa ƙwarai. Na nemi tausayi a raina ban samu ba.

Yanzu jirage ashirin da shida ne ke da tabarmar a tasharmu, kowa ya haɗa tasa daga zanen jaridar, kuma tabarmar Eino ake ce mata. Royce ba shi da wata hanya zuwa jirginsa sai ta matakalar nan. Kullum ƙarfe shida ina zaune a bencin da kofina, na goge tagullar da hannun riga. Shekara goma sha huɗu ban gaishe shi ba, yanzu kuwa ba na fashi.

"Ina kwana, Kawu Royce. Ka karanta?"