Waldar da Ta Ƙi Karyewa

Akwai mai sana'ar da duk abin da ya gani sako-sako sai ya ce maƙerinsa ne bai iya ba. Wannan ji da kai ne, kuma shi ya ci wani mai walda da ake kira Baban Auta.

'Yarsa Auta malamar asibiti ce, ita kaɗai ta rage musu a gida. Da ta sayi 'yar mota ta hannu, sai ta kawo masa ƙara, wai sitiyarin yana ƙwas-ƙwas in ta faɗa rami.

Ya kwanta a ƙasan sitiyarin ya cire murfi. Ashe sandar ba guda ba ce, bututu biyu ne, ɗaya zure cikin ɗaya, 'yan ƙusoshin roba ke riƙe da su.

"Dogo, zo ka ga ha'inci! Roba a sitiyari!"

Dogo bakanike ne, rumfarsa na jikin tasa. Ya leƙo ya ce, "Sarkin wuta, kada ka taɓa. Da gangan aka yi ta haka. In mota ta yi karo sai robar ta tsinke, sandar ta shige cikin 'yar'uwarta, ba za ta soki direba ba. A sake wata kawai."

"Wato in bar 'yata da abin da aka yi don ya karye? Kai da ƙofar rumfarka ma da igiya ka ɗaure ta!"

Auta ta ce, "Baba, ko a bi ta Kawu Dogo?"

"Shi ya haife ki?"

Ta yi dariya ta ƙyale shi. Ya jawo wayar wuta, ya zagaye mahaɗar da walda, bai bar ko kafar allura ba. Auta ta zaga layin ta dawo tana murna. "Baba, tsit kake ji!"

Ba a daɗe ba, wata safiya ana ruwa, tayar gaba ta fashe mata a bakin gada, motar ta daki ginshiƙi. Ba wani gudu take ba. Abokiyar aikinta da ke gefe ta fito da ƙafarta, goshi kawai ta fasa. Auta kuwa sitiyari ya taso ya same ta a ƙirji. A ɗakin da take jinyar mutane ta cika.

Bayan an share makoki aka jawo motar gareji. Dogo ya hango Baban Auta, ya yi sauri zai rufe ta da tamfol.

"Bar shi, ɗan'uwa. Kwana ne ya ƙare."

"Matsa."

Baban Auta ya durƙusa ya leƙa. Gaban motar ya lanƙwashe kamar gwangwani, injin ya goce, komai ya ba da kai. Sandar nan kuwa tana miƙe sambal. Ya bi ɗinkin waldarsa da yatsa yana neman tsaga, ko ɗaya, wadda zai ce aikin ya saki. Babu.

Ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai, ya kasa ko kuka.

To, ga abin da ya rasa. Ya rasa 'ya. Matarsa ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, amma tana ajiye masa abinci ne fuskarta na kallon bango. Abokinsa na gaishe shi kullum, shi ya kasa haɗa ido da shi. Sana'a kuma, ya kasa ƙara kunna wuta, har ya rufe rumfar.