Jeri na Shida

Dunja ta haye benen cibiyar tana tsallake matakala bibbiyu, takardar sakamako a hannu ɗaya, ragowar burek, gurasar nan mai maiƙo, a ɗayan, har maiƙo ya ɗiga a kan takardar. Ko a jikinta. Sau uku ta sake awon nan a ƙasa, sau uku yana nuna abu ɗaya: sarƙa ta haɗu!

Shekara uku ke nan tana fama. Ita fiziks ta karanta, amma abin da ya hana ta sakat shi ne yadda rai ya faro a duniya, wato yadda ƙananan sinadarai masu yawo cikin ruwa suka manne da juna suka zama doguwar sarƙa tun babu wata halitta. Takan zuba su a 'yan kwalabe masu murfi, ta jera su jeri shida cikin na'ura mai riƙe zafi digiri sittin, ba ƙari ba ragi, dare da rana. Ko ƙofar na'urar ba ta yarda ta buɗe, don kada zafin ya motsa. Shekara uku, shiru kake ji. Farfesa Lazić, shugaban sashen, ya riga ya yanke magana: yau ƙarfe sha biyu, ko ta kawo abin da ido zai gani, ko ɗakin ya koma hannun masu aikin hasken leza.

To ga shi jeri na shida ya amsa. Sauran biyar kuwa ba komai, alhali haɗin ɗaya ne. In ba ta san dalili ba, Lazić zai ce datti ne ya shiga, ya miƙa hannu ta ba shi makulli.

Ta faɗa ɗakin, ta fizge ƙofar na'urar. Ta ƙirga. Biyar. Gurbin na shida wayam.

"Inna Zorka!"

Zorka ce mai wanke kwalabe da ɗiban samfuri kowace Litinin, shekararta talatin da ɗaya a cibiyar. Ta fito daga lungun da take dafa kofi tana goge hannu, ba gaggawa.

"Wannan ihu fa? Rufe ƙofar ɗakin tukuna, taga a buɗe take. Promaja za ta karkace miki wuya."

Kowa a Belgrade ya san iskar nan mai ratsawa tsakanin taga da ƙofa. A wurin Zorka ita ta kashe rabin mutanen da ta sani.

"Inna, ina jeri na shida?"

Zorka ta ɗan kau da kai. Sannan ta je ta ɗage labule. Ga kwalaben nan zaune a kan bututun ɗumama ɗaki, an lulluɓe su da tsohon mayafin ulu, kamar madarar da ake so ta yi tsami.

Dunja ta juyo ta zuba mata ido. "Tun yaushe?"

"Tun Fabrairu. Kar ki kalle ni haka, 'yar nan. Fankar cikin na'urar taki kai-tsaye take hura su. Na sa hannu na ji da kaina. Ke kika ce rai kike so ya fito. Wane rai ne zai fito a cikin iska?"

"Inna, kin kashe ni! Wata biyu ba awon zafi, ba..."

Ta ɗauki kwalba guda ta ɗaga ta wajen haske. Gindinta ya bushe ƙamas, ruwan duk ya taru ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin murfi. Ta taɓa bututun, ya kusa ƙona ta.

"Ƙarfe nawa suke kashe zafin nan?"

"Ji wata tambaya! A ina kika girma? Shida na safe su kunna, goma na dare su kashe. In na zo da sassafe ruwan yana ƙasa, kafin azahar ya hau."

Wayyo! Dunja ta saki wata dariya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Zafi ya busar, sinadaran su matsu su manne. Sanyi ya dawo da ruwa ya gauraya su, gobe a sake. Rana da dare ke nan, irin na kududdufin farkon duniya. Ita kuwa shekara uku tana gadin na'ura don kada dare ya yi a cikinta. Ta rungume Zorka har gilashin tsohuwar ya goce.

"Sake ni, mahaukaciya, hannunki duk maiƙo!"

Sha biyu saura biyar suka shiga ofishin Lazić tare, Zorka riƙe da kwalaben cikin mayafinsu. A kan bene Dunja ta yi tunanin cewa ita ta tsara gwajin haka. Da ta ga fuskarsa sai ta faɗi gaskiya, har da fanka. Ya daɗe yana duban takardar ta saman gilashi, kunnuwansa suna yin ja, kuma duk sashen an san ma'anar wannan: ransa ya fara ɓaci.

"Zorka, tun ina ɗalibi kike taɓa abin da ba a sa ki ba."

"Kai kuma tun kana ɗalibi kake fasa mini kwalabe, Farfesa."

Ya juyo ga Dunja. "Sau ɗaya ba sakamako ba ne, Dokta. Ki maimaita, da awo, da komai a rubuce. Sati huɗu. Masu leza su jira." Ya ɗaga kwalar rigarsa. "Kuma ku ja mini ƙofar nan, iska na shigowa."

Suna komawa Dunja ta nufi bututun da gudu tana lissafin jeri nawa zai ɗauka. Zorka ta girgiza kai.

"Yau sha huɗu ga Afrilu. Gobe za su kashe zafin bututun duk garin gaba ɗaya, sai Oktoba."

Dunja ta tsaya cak. Ta waiwayi na'urar, tana ta gurnaninta a kusurwa, allonta na nuna sittin cif. Ko lokacin da wuta ta ɗauke bara, da kuka ta roƙi masu gadi suka tayar da janareta. Ta buɗe littafinta ta rubuta kwanan wata da ƙarfe sha biyu da rabi. Tunda bututu zai mutu, na'urar ce za ta riƙa yin dare da rana. Ta kai yatsa kan makunnin ta danna. Gurnanin ya mutu.

"Za su ji sanyi fa," in ji Zorka.

"Bari su ji, Inna."