Gishiri Ya Ƙare

Likita ya shafa wa Dogo wani mai mai sanyi a kwiɓi, ya ɗora na'urar ɗaukar hoto, ya ƙura wa allo ido. Shi kuwa Dogo rufin ɗakin ya ƙura wa nasa, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa. Sau uku cikin shekara biyu tsakuwar ƙoda tana kayar da shi. A na ƙarshen, ƙato kamarsa, mai walda da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai, sai da ya yi birgima a tsakar ɗaki yana kiran mahaifiyarsa a gaban 'ya'yansa.

"Tas suke," in ji likita. "Dama da hagu, babu ko ƙwaya."

"Likita, a ƙara dubawa. Ko ɓuya ta yi."

"Tsakuwa ce fa, ba ɓarawo ba. Tashi ka goge jikinka." Ya miƙa masa tsumma. "Wata tara ke nan lafiya. Mai aiki gaban wuta irinka, zufa ce ke kwashe ruwan jikinsa, shi ya sa na yi zaton zan sake ganinka a kwance. Ashe ka bi takardar da na ba ka. Ruwa da yawa, gishiri kaɗan, jan nama kaɗan, ban da lemon kwalba. Duk mai yi maka girki, ka je ka gode masa."

Dogo ya ce to, ya sunkuyar da kai. Rabonsa da takardar nan tun ranar da ya ninke ta huɗu ya tokare ƙafar teburin talabijin da ita.

Matarsa na zaune a kan bencin baranda, ta rungume jakarta. Tun kafin ya yi magana ta karanta fuskarsa, ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ya zauna kusa da ita, zuciyarsa fes, har yana jin kunyar duk mitar da ya yi mata a kan miya.

"Maman yara, likita ya ce in gode miki. To, na gode. Allah ya saka."

"Amin. Amma rabin godiyar nan ba tawa ba ce. Ni da nake ganinka safe da yamma kawai? Abincin rana fa, kwana shida a mako?"

"Kada ki tuna mini da wannan matar," in ji Dogo, fuskarsa ta murtuke.

Wannan matar ita ce Inna, mai girki a kantin cin abinci na masana'antar ƙofofin ƙarfe inda yake aiki. Masana'antar na can bayan gari, hutun rana rabin awa ne, ba inda mutum zai je ya ci wani abu ya dawo. Shekara goma sha ɗaya Inna na ciyar da ma'aikatan, shi da ita sai barkwanci. Sai kawai bara ta juya masa baya. Kowa nama uku, shi ɗaya, sauran wurin a cike masa da kabeji. Miyarsa daga wata 'yar tukunya take fitowa, lami kamar ruwan wanke hannu. In ya nemi gishiri, ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Gishiri ya ƙare," alhali ga na bayansa yana barbaɗawa. Lemon kwalba ma kullum ƙarewa yake daidai lokacin da layi ya zo kansa. Sai dai ta dire masa jug guda na ruwa da lemon tsami a ciki, ta tsaya a kansa kamar mai gadin jarrabawa har ya shanye.

Matarsa ta sa gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Mene ne abin dariya?"

"Baban yara, ka taɓa duba ƙafar teburin nan? Kwali ne a wurin. Takardar tana manne a bangon kicin ɗin Inna. Ni na kai mata, mota biyu na hau. Tana gama ji ta ce ita ma ta taɓa yin ciwon, haihuwarta biyar amma ba wadda ta kai shi. Ta ce in bar mata kai. Ni kuma na roƙe ta kada ta gaya wa kowa, tunda ka ce ba ka so a sani a wurin aiki."

Gaskiya ne, ba ya so. Duk kwanciyar da ya yi, zazzaɓi yake ce musu, don tsoron kada a ɗauke shi daga walda a kai shi gadin ƙofa.

Dogo ya miƙe zumbur. Ya dubi agogon bango: ɗaya saura kwata.

"Lafiya?"

"Na kai ƙararta," in ji shi. "Shekaranjiya. Shafi biyu na rubuta wa manaja, na ce tana nuna bambanci. Yau ƙarfe biyu za a zauna kan sabunta kwantiraginta."

Goran ruwansa kawai ta ciro daga jaka ta danƙa masa, ta nuna masa hanyar fita da haɓa.

Motar farko ta tsaya shan mai. Ta biyu kuwa direbanta ya rantse ba zai motsa ba sai kujerar baya ta cika. Dogo na zaune ya matse gwiwoyi, ruwan da ya sha don hoto yana neman hanyar fita. Yana ta tuno kalmomin da ya zaɓa da kyau a wasiƙar: ƙeta, wulaƙanci, rashin tausayi. Har ƙamus ɗin 'yarsa ya ara don kada ya yi kuskuren rubutu.

Biyu da minti goma ya faɗa ofishin manaja ko sallamar kirki bai yi ba. Inna na zaune a bakin kujera, ta cire rigar girkinta ta ninke a cinya. Wasiƙarsa na shimfiɗe a kan tebur, an ja layi da jan biro a wurare uku.

"Yawwa, ga mai ƙarar," in ji manaja. "Na tambaye ta sau uku ko gaskiya ne, ta ce gaskiya ne. Na tambayi dalili, ta ce babu. To ni me zan yi?"

Inna ba ta ko dubi Dogo ba. Yatsunta, masu tabon ƙunar mai, suna ta gyara ninkin rigar.

"Ranka ya daɗe, akwai dalili," in ji Dogo. "Ba zazzaɓi nake yi ba. Tsakuwar ƙoda ce, sau uku. Ƙarya na yi muku. Likita ya hana ni gishiri da nama, na ƙi ji. Matata ta haɗa baki da Inna, ban sani ba sai yau. Wata tara tana dafa mini tukunya daban." Ya zaro sakamakon hoton daga aljihu ya ɗora a kan wasiƙar. "Ga abin da ƙetar tata ta jawo mini."

Manaja ya karanta, ya cire tabarau, ya dubi wannan ya dubi waccan.

"Wato ka rubuto shafi biyu kana ƙarar wadda ta warkar da kai."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kai ka rubuta, kai za ka yaga." Ya tura masa wasiƙar, ya jawo takardar kwantiragi ya sa hannu. "Kai kuma gobe ka kawo mini duk takardun asibitinka. Maganarka daban ce, ba mu gama ba."

Dogo ya ce to. Ƙila gadin ƙofar ne ke jiransa, amma abin mamaki, bai ji nauyin da ya zata ba. Ya juya wajen Inna ya rage tsawo har gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

"Inna, ki yafe mini. Wallahi kunya kamar ta kashe ni."

"Tashi, kada ka fasa wa mutane siminti," in ji ta tana ɗaura rigarta. "Rashin tausayi, ko? Ka iya rubutu, ba laifi. Ka ci abinci?"

Kantin ya watse, an kifa kujeru a kan tebura. Ta sauke masa ɗaya, ta shiga ciki. A ta ƙofar kicin ya hango takardar likita a bango, ta yi ja saboda tururi, an maƙale ta da ƙusa. 'Yar tukunyar na gefen murhu, a rufe. Ko yau da ta san da wasiƙar, sai da ta dafa.

Ta kawo shinkafa da miya, nama ɗaya, kabeji tuli, da jug ɗin ruwa. Sannan ta sa hannu a aljihun rigarta ta ciro kwalbar gishiri, cike har wuya, ta dire a gabansa.

"Tunda ka san komai, ga shi. Yau bai ƙare ba."

Dogo ya dubi kwalbar, idonsa ya ciko. Ya sa yatsa ɗaya ya tura ta a hankali har ta koma gabanta.

"Ya ƙare, Inna," in ji shi. Ya jawo jug ɗin.