Cikon Ɗakin Mati

Babaji magini ya daki bulon harsashin da ƙafa, ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa, sannan ya juyo ga mai aikin.

"Tifa uku, Malam Mati. Jar ƙasa, mai tsakuwa-tsakuwa. In ruwa ya sauko ramin nan yana hangame, ciki zai kwanta ya jiƙa bulo, wahalar wata biyu ta tashi a banza."

"Baƙar fa? Na ji an ce ta fi araha."

"Kai dai manomi ne har gobe! Baƙar ƙasa ta gero ce. Ka cika ɗaki da ita, kafin shekara ta lotsa, daɓe ya tsage, bango ya bi shi. Ja na ce maka. Kuma ka bi motar da kanka, don direbobin nan baƙa suke shimfiɗawa a ƙasa su yafa ja a sama."

Mati ya shafa aljihu. Naira dubu huɗu da ɗari biyar ne, har da kuɗin tunkiyar matarsa Kulu. Shekara biyu ke nan da ya sayar da gonar gado a Garin Dabo, ya sayi babur na kabu-kabu da wannan ɗan fili a bayan Ƙofar Kaura. Tun ranar bai sake taka ƙauyen ba, kunya ta hana shi. Ɗaki biyu kawai yake so, ya kwashe Kulu da yara daga ɗakin hayar da ke yoyo kamar rariya.

A matsayar tifofi kuwa sai ya tarar farashi ya haukace.

"Dubu biyu da ɗari biyu," in ji direban farko, ko kallonsa bai yi ba.

"Haba! Watan jiya fa dubu da ɗari biyar ce."

"Watan jiya soja ke mulki. Yanzu kowane kansila bene yake yi."

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bakinsu ɗaya kamar sun yi rantsuwa. Can ƙarshen layi wani siririn direba mai suna Yari ya yafito shi.

"Akwai wani rami nan kusa, ba ya cin mai. Dubu da ɗari biyar, ja zur. Amma kada ka faɗa wa waɗancan."

Daɗi ya kama Mati. Ya haye gaban mota, suka fita gari, fastocin zaɓe na ta ɗayewa daga jikin bangaye. Da suka sauka daga kwalta suka kama hanyar burji, sai ya fara gane wurin. Ga kukar da walƙiya ta tsaga. Ga rijiyar makiyaya. Hanyar Garin Dabo ce, ya riƙe ƙofar motar tam.

Alhajin da ya sayi gonar, da bakinsa ya ce mangwaro zai dasa. Mangwaro ina! Rami ne wawakeke, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, leburori na ta sara da diga a ciki. Baƙar ƙasar saman an ture ta gefe, an yi tudu da ita. Abu ɗaya ya rage a tsaye, gawon da ke kusurwar gabas, ya zubar da ganye kamar yadda ya saba in damina ta matso, saiwoyinsa suna reto a bakin ramin. Taku uku daga gindinsa mahaifin Mati yake kwance. Da hannunsa ya sa shi, shekara tara da suka wuce.

Audu, mai kula da ramin, ya taho yana kaɗa littafi.

"Wancan ɓangaren duk na gidan sabon ɗan majalisa ne, an kama shi. Naku nan ne." Ya nuna ƙarƙashin gawon. "Ka yi sa'a, babu jar da ta kai ta kyau. Kai, ku zo ku loda!"

Leburori huɗu suka ɗaga diga.

"Ku dakata!" in ji Mati. "Don Allah ku dakata. Akwai mutum nan."

"Wane mutum?"

"Mahaihina."

Suka yi salati, suka ja da baya. Ɗaya ya yar da digarsa ya shiga goge hannu a wando. Audu ya sosa ƙeya, ya leƙa sama ya leƙa ƙasa.

"Allah ya jiƙansa. Ni dai ban ga alama ba, ko guntun tukunya. To, yau ba za mu taɓa ba. Amma mai wuri har gawon ya saya, takarda na hannunsa. Shi wanda ya sayar masa, bai san da kabari ba ne?"

Mati ya kau da kai. Ya sani sarai. Ranar ciniki ya so ya faɗa, sai ya ji tsoron a rage kuɗi.

Yari ya buga jikin mota. "Malam, ni fa na ƙona mai. In ramin nesa ne, farashin da ka ji a gari, kuma sai gobe."

Tifa biyu ke nan, ba za su cika harsashin ba, ga hadari yana gurnani. Audu ya matso, ya rage murya.

"Kabari ai ba faɗi ne da shi ba. Mu ɗan ci gefe a hankali, ka samu ukunka ka tafi. In ba kai ba, wani ne zai kwasa."

Maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi masa zafi. Mati ya tuna Kulu tana jera kwanoni a tsakar ɗaki tana tarar ruwa. Ya dubi jar ƙasar, mai kyau, irin wadda Babaji yake so. Sai ya taka zuwa tudun baƙar, ya durƙusa ya damƙo. Laushinta bai canza ba. Shekara ashirin shi da tsohon suna jido mata taki a kan jaki.

"Wagga nawa?"

"Ɗari takwas," in ji Audu. "Amma ta masu lambu ce."

"Ku loda."

Sawu uku Yari ya yi. Na ukun na zubewa Babaji ya dawo daga sallar La'asar, ya tsaya turus, ya cire hula.

"Innalillahi! Cutarka suka yi? Ba na ce ka bi su ba?"

"Na bi su."

"To, makaho ne kai? Wannan ƙasar noma ce! Wallahi ba za ta riƙe ɗaki ba. Ko ka san abin da ka sayo?"

"Na san ta," in ji Mati. "Ni na yi ta."

Babaji ya mayar da hularsa. Ruwa ya fara ɗigowa, manya-manya. A kan titi wata tifa ta wuce a guje, ta nufi unguwar manya, shaƙe da jar ƙasa ɗanya shar. Wata doguwar saiwa, sabon sara, tana reto a bayanta. Mati ya san saiwar gawo ko a mafarki. Ya bi motar da ido har ta sha kwana.

Sannan ya ɗauki shebur, ya fara baje ƙasar a ɗakin da yaransa za su kwana.