Sunan Mijin Hajjo

"Sake gwadawa," in ji Jika. "Kada ki sunkuyar da kai. Dubi idona ki faɗa."

Hajjo ta dubi yayan nata, ta dubi ƙofar komisariya, ofishin 'yan sanda, a tsallaken hanya, ta buɗe baki, sai iska ta fito. Tun daga gida suke wannan fama, har sun iso gindin bishiyar bedi inda masu jiran kira ke zama, abu ya ƙi.

Ba wani karatu mai wuya ake so ta haddace ba, sunan mijinta ne. Abdulmajid sunansa, mutumin Cadi ne daga wajen Abeshe, mai gyaran injin foraj, wato rijiyar burtsatse. Tanut kaf Ɗan Cadi ake ce masa. Ita kuwa Hajjo tun da aka ɗaura musu aure, shekara huɗu ko fiye, "mai gidan" take cewa, in magana ta ƙure ta ce "shi". Haka ta tashi ta ga uwarta na yi, haka kakarta, ba ta kuma taɓa zaton akwai ranar da gwamnati za ta shiga wannan sha'ani ba.

Da can ba mai tambayar baƙo takarda a Damargu, in dai yana da sana'a yana kuma salla da mutane. Bana aka tsaurara. Aka ce kowane baƙo ya nemi izinin zama, wanda ya rasa a raka shi iyaka. Abdulmajid ya kai fasfo da hotuna da takardar likita, ya kai shaidar mai foraj ɗin da yake wa aiki, ya kuma ce yana da mata 'yar ƙasa, a gidanta yake zaune. To, nan fa gizo ke saƙar. A Tenhiya aka ɗaura auren, limamin ya rasu bara, shaidun makiyaya ne sun bi damina arewa, takardar aure ta meri, ofishin magajin gari, kuwa ba wanda ya tuna da ita. Haihuwa ma Allah bai kawo ba. Sai aka ce matar ta zo da ƙafarta a yi mata tambayoyi kafin a tura dosiye, wato tarin takardunsa, Damagaram.

Jika tsohon soja ne, ya yi gadin ofisoshi har ya gaji, don haka ya haƙiƙance babu abin da ke cikin kan gwamnati da bai sani ba.

"Masu bin hanyar Agadas don ƙetara hamada ne suka ɓata sawu," ya ce, yana rage murya. "Mutum ya samu bazawara ya ce matarsa ce, a ba shi takarda, ya wuce abinsa. Polis sun gano. Abin da za su fara tambayarki sunansa ne. Kika yi inda-inda, shi ke nan, sun ce ba ki san shi ba."

"Yaya, ni fa da nauyi."

"Nauyi? In suka sa shi mota sai ki dafa nauyin ki ci."

Hajjo ta bi mutanen gindin bedi da ido. Ran nan ba ta yarda da kowa ba. Mai shayin can tun ɗazu kallonsu yake, kofi ɗaya yana ta wankewa. Ta tuna Sakina maƙwabciyarta, da ta leƙo shekaranjiya tana tambaya, "Wai mai gidan naki yana kwana garin nan kuwa?" da wata dariya ƙasa-ƙasa. Wa ya sani ko ita ta kai magana cewa mutumin kullum yana daji?

Abin da ya fi cin ranta ma shi ne mijin kansa. Ga shi can zaune a benci cikin rigar Juma'arsa, ko gezau. Tun da aka fara maganar nan bai nuna mata tsoro ba, sai dai ya fita zaure da waya yana Larabci da mutanen gida, ita ba ta jin ko kalma. Wata zuciyar ta ce mata, ke Hajjo, anya ba hanya ya samu ba? Mutum ya zauna da mace ba ɗa ba jika, ga gwamnati za ta mai da shi gida kyauta, ba wanda zai ce ya yi saki. Ta yi a'uziyya, amma tunanin bai tafi ba.

Aka kira ta ita kaɗai.

Biron da aka shigar da ita ƙarami ne, da fanka mai ƙara. Ɗan sandan, wanda Jika ya ce mata Safiyanu sunansa, bai ɗaga kai ba sai da ta zauna. Ba ya tsawa, ba ya sauri, wannan ya ƙara tsorata ta, don ta san ruwan da ke kwance shi ke cin mutum. Ya tambayi sunanta, ta faɗa. Ya tambayi sana'arta, ta ce cuku take sayarwa a tasha. Ya tambayi unguwa da launin ƙofar gida.

"Sunan mijinki?"

Hajjo ta runtse ido a zuci, ta tattaro duk ƙarfinta, ta jefar da shi kamar garwashi a tafin hannu.

"Abdulmajid Adam Haruna."

Ta ji kunnenta ya yi zafi, amma ta kafe shi da ido kamar yadda aka koya mata. Safiyanu ya ajiye alƙalami a hankali, ya jingina da kujera.

"Ke 'yar ina ce?"

"Tenhiya, ranka shi daɗe."

"Ni ɗan Gangara ne," ya ce. "Uwata ta yi zaman aure har ta tsufa, ban taɓa jin sunan ubana a bakinta ba. Maƙwabcinmu mai irin sunan ma wani suna ta laƙa masa. Ke kuwa kin jero mini har da kakansa, kina kallon tsakar idona. Wa ya koya miki?"

A ranta ta ce, Jika, Allah ya isa tsakanina da sojancinka. In ta ce yayanta ya koya mata, ta tabbatar masa shiri aka yi. In ta ce ba wanda ya koya mata, ta zama mace marar kunya ko maƙaryaciya. Gaba kura baya sayaki, sai ta sunkuyar da kai.

"Makon jiya wata ta zauna nan inda kike," ya ci gaba. "Ita ma haka ta jero, ko numfashi babu. Da muka bincika, ranar suka fara ganin juna da mutumin."

"Ni mijina ne. Wallahi mijina ne."

"Ita ma ta rantse."

Ya leƙa ƙofa ya ce a shigo da Ɗan Cadi. Abdulmajid ya shigo da sallama, ya tsaya gefe, ba a ba shi kujera ba.

"Ga shi nan," in ji Safiyanu. "Maimaita abin da kika faɗa mini. A gabansa."

Hajjo ta san tarko ne, abin da ba ta sani ba shi ne ta ina bakinsa yake. Ta yanke a ranta cewa abin da ya fita sau ɗaya zai fita sau biyu, in faɗin ne zai bar shi a Tanut za ta faɗa ko da za ta nutse a ƙasa. Ta ɗago kai ta dube shi.

Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu, hannayen nan masu baƙin mai a ƙarƙashin farce, sun matse hular har ta lanƙwashe. Gumi ya jiƙa wuyan rigar Juma'ar. Mutumin da take zargi da neman hanyar gudu, ashe tsoro ne ya cika shi har ya kasa nuna mata. Tausayi da kunya suka taru suka rufe ta. Ta motsa leɓe, ta sake motsawa, ko harafin farko bai fito ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye suka ɓalle, tana jin haushin kanta da na Jika da na duk wanda ya ƙirƙiro takarda.

"Ranka shi daɗe," ta ce daga cikin mayafi, "in iyaka za ku kai shi, ku kai mu tare. Wannan kam ba zan iya ba."

Fanka ta yi ta ƙararta. Safiyanu ya dubi Hajjo ya daɗe, sannan ya juya wajen mijin.

"Kai, me take kiranka a gida?"

"Ba ta kirana, ranka shi daɗe," in ji Abdulmajid. "Murfin kwano take bugawa, sai in gane da ni ake."

Ɗan sandan ya shafa baki kamar mai ɓoye wani abu. Ya jawo wata 'yar takarda ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙa.

"Wannan ba izinin zama ba ne, shaida ce cewa dosiye ta karɓu, za ta tafi Damagaram. Ka riƙe ta a jikinka duk inda za ka. Ku je meri a rubuta auren nan. Kuma zan aiko mutum unguwarku ya yi tambaya, kada ku zaci an gama."

Da suka fito, Jika ya taso da sauri, ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya.

"Ban faɗa miki ba? Kin faɗa da ƙarfi, ko? Ai na san su kamar yunwar cikina."

Babba ne, ba a gaya wa babba baƙar magana. Hajjo ta dai yi masa wani kallo da ya sa ya tuna yana da sauri a kasuwa.

Suka kama hanyar gida, shi a gaba ita a baya, kamar kullum. Ba ta daina waiwaye ba, tana tunanin wanda za a aiko da abin da Sakina za ta faɗa masa. Sai da suka wuce tasha Abdulmajid ya rage tafiya har ta kusa cim masa.

"Ashe ɗazu kin faɗa," ya ce, bai juyo ba. "Polis ya ji, bango ya ji, ni mai sunan ban ji ba."

Hajjo ta gyara mayafinta.

"Ka roƙi Allah kada ka ji," ta ce. "Ran da ka ji shi a bakina, to, ɗaukarka aka zo yi."