Baƙin Mai a Ɗakin Jiragen Ammi

Ɗan kan jirgin ƙasan na wasa ya zagaya teburin sau ɗaya yana ƙas, ƙas, ƙas, ya zo daidai gadar katako ya cije. Muntaka ya ɗauke shi, ya ɗora na biyu a kan dogon. Shi ma haka. Kafin a kira azahar ya gwada duka goma sha ɗaya: bakwai sun sami matsala, biyar suna wannan ƙara, biyu ma sun ƙi motsi sam. Ya zauna dirshan a ƙasa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke hurawa. Ranar Alhamis mai jiragen zai dawo, yau kuwa Litinin.

Jiragen na Ammi Abdulghani ne, dattijon da Muntaka ke wa gadi a unguwar Abhur. A Jidda aka haifi Ammi, amma kakansa da ƙafa ya zo daga Kano, don haka yana jin Hausa sarai, yana kuma yin ta da ɗan gargada. Tun yana karatu a Jamus ya ɗauki son waɗannan jiragen wasa, kowane kai bai wuce tsawon tafin hannu ba, ya ware musu ɗaki guda da dogo da tasha da duwatsun kwali. Jikokinsa ma daga bakin ƙofa suke leƙe.

Shi kuwa Muntaka umara ta kawo shi shekara tara da suka wuce, ya laɓe bai koma ba. Ranar da ya zo neman aiki, ba iƙama, wato takardar zama, ba kafili mai tsaya masa, aka tambaye shi sana'arsa a gida, ya ce reluwe. Idon dattijon ya yi haske.

“Makanikin kan jirgi?”

“Shi fa, Ammi.”

To, baki shi ke yanka wuya. Gaskiya ne ya yi aikin reluwe a Zariya, amma bai taɓa kwance ko da noti ɗaya a cikin inji ba. Buta yake ɗauka, yana bin taragu yana zuba wa ƙafafunsu mai. Wannan “shi fa” ita ta ba shi ɗaki da tuwon shekara tara, ita ta sa duk gidan ake kiransa Muhandis, wato injiniya. Ammi da kansa yake kula da kayansa, abin da yake so wurin Muntaka hira ce kawai, Muntaka kuwa gwanin hira ne.

Sai ciwon suga ya taɓa idon Ammi, aka fita da shi ƙasar waje neman magani. Da zai tafi ya danƙa wa Muntaka mabuɗin ɗakin a gaban 'yarsa Zakiya, wadda dama ta daɗe tana cewa ajiye marar takarda a gida jawo wa kai magana ne.

“Ba wanda ya san su sai kai,” in ji Ammi. “Amana.”

Muntaka ya riƙe amanar da abin da ya sani. A wurinsa ƙarfen da ke juyawa ba ya kwana da ƙishi, balle a bakin teku inda gishiri ke cin ƙofa da taga. Ya tsiyayo baƙin mai daga garejin motoci. Kowace Juma'a, wata biyar cur, yana bin kawunan ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya, yana ɗiga musu har sai sun yi naso. Yana yi yana jin daɗin kansa, bawan Allah.

Washegarin Litinin ɗin ya naɗe kai ɗaya a cikin tawul ya nufi unguwar Ammariyya, wurin Othman mai gyaran agogo, wani haifaffen Jidda mai shago kamar akurki. Othman ya maƙala madubi a ido, ya kwance cikin jirgin, ya zaro wani ɗan faifan roba mai haƙora, bai kai ƙwayar wake ba. Shi ne ke juya ƙafafun. Ya tsage daga tsakiya har baki. Othman ya kai shi hanci, ya yamutsa fuska.

“La haula! Wane jaki ya shayar da wannan man mota?”

Muntaka ya dubi titi. “Haka na tarar da shi.”

“Shuf, duba nan ɗan'uwa, wannan roba ce, ba ƙarfe ba. Man mota cin ta yake. Ɗigo ɗaya na mai siriri a shekara, shi ke nan.”

“Ba a liƙewa?”

“Ka liƙe, ya juya sau uku ya sake buɗewa. Sai an aiko da sabo daga Jamus, wata biyu in an yi sa'a.” Ya cire madubin, ya ƙare wa Muntaka kallo, har da baƙin da ya maƙale a ƙarƙashin faratansa. Muryarsa ta sauka. “Amma ka ji, irin waɗannan suna tsagewa da kansu in sun tsufa. Robar ke matse sandar ƙarfen da ke tsakiyarta har ta fashe. Ka ce wa mai shi tsufa ne. Ba ƙarya ka yi ba, yaʿni, ba duka ba.”

Da Othman ya zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fito da mafita a hannu, amma kunya ta hana shi ɗaga kai har ya shiga mota. Kwana biyu yana goge kawunan da auduga, yana maimaita kalmar a ransa: tsufa ne, Ammi, tsufa ne. Naso ya fita, wari ya ƙi.

Ranar Alhamis da la'asar Ammi ya iso, ya rame, Zakiya na riƙe da hannunsa. Idon bai gyaru ba, sai duhu-duhu yake gani. Ko shayi bai tsaya sha ba ya ce a kai shi ɗakin.

“Muhandis, sa mini koren nan.”

Muntaka ya ɗora shi. Jirgin ya tashi. Ƙas, ƙas, ƙas.

“Baba, wannan wace ƙara ce?” Zakiya ta juyo ta kafe Muntaka da ido. “Da ba ya yin haka.”

Ammi ya miƙa hannu, ya laluba, ya tare jirgin. Ya juya shi, ya shafa cikinsa da babban yatsa, ya kai yatsan kusa da hancinsa kamar mai gyara tabarau. Ya ɗan jima a haka.

“Tsufa ne, ya binti, 'yata,” ya ce. “Ni ma da za ki kasa kunne a gwiwata, abin da za ki ji ke nan. Je ki haɗa mana shayi.”

Ta fita. Ga ƙofar tsira an buɗe wa Muntaka, mai gidan da kansa ya buɗe ta, abin da ya rage kawai ya yi shiru ya wuce. Sai ya ji shirun ya fi ƙarfinsa. Ya durƙusa a gefen teburin.

“Ammi, ba tsufa ba ne. Ni ne. Man mota na zuba musu, kowace Juma'a. Bakwai sun tsage.”

“Bakwai,” in ji dattijon a hankali.

“Kuma ni ba makanike ba ne. Ban taɓa zama ba. Ƙarya na yi maka tun ranar farko.”

Ammi yana ta shafa bayan koren jirgin, wanda ya saya tun kafin ya yi aure. Muntaka ya ji ƙarar kofuna daga kicin, ya yi fatan ƙasa ta tsage ya shige kafin Zakiya ta dawo.

“To me kake yi a reluwen?”

“Mai nake zuba wa ƙafafun taragu.”

“Shekara nawa?”

“Sha shida.”

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya laluba teburin da ɗayan hannun har ya sami dogon, ya so ya mayar da jirgin, ƙafafun suka ƙi hawa. Ya gwada sau biyu, sannan ya miƙo shi wajen da ya ji numfashin Muntaka.

“Ashe aikinka ka yi,” ya ce. “Karɓi, ɗora mini. Ka tashi daga ƙasan nan kafin ta shigo.”